Yaro ya tsinto kwikwiyo a kwata, ga kuma Buronya ta ƙarato

"Likita, barka da aiki. Ni mazauniyar Aboabo ce a nan Kumasi. Bara a daren 31 ga Disamba karen gadinmu ya tsinke igiya saboda ƙarar nokawut, abin fashewar nan da ake harbawa lokacin biki, har yau ba mu sake ganinsa ba. To makon jiya ɗana ɗan shekara goma sha ɗaya ya tsinto wani kwikwiyo a cikin kwata, duk jikinsa ƙazuwa, haƙarƙari a waje, ya kafe sai mun riƙe shi. Muna kuma da kyanwa a gida. Ga Buronya, wato Kirsimeti, da sabuwar shekara sun ƙarato, bayansu ga sallah. Yaya zan yi kada abin bara ya maimaita kansa? Riƙe kwikwiyon titi ba haɗari ba ne ga yara? Idan kuma ba mu riƙe shi ba, ina za mu kai shi?"

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Tambaya uku kika yi a dunƙule: yadda za a tsare dabba a lokacin biki, ko kwikwiyon zai iya cutar da yara, da kuma makomarsa idan gida bai karɓe shi ba. Zan fara da ta tsakiya, domin ita ce ta shafi ran ɗan Adam, kuma ba ta jiran Buronya ta zo.

Ya cije shi, ko ya yakushe shi?

Yau ɗin nan ki kira yaron ki tambaye shi cikin lalama. Kada ki yi masa tsawa, domin yaro in ya ga za a raba shi da abin da yake so, sai ya ɓoye ciwo a ƙarƙashin riga. Ki duba hannuwansa da ƙafafunsa da kanki. Cutar haukan kare tana nan a Ghana, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kashi 99 cikin 100 ta hanyar kare, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro shi ne mai tsugunawa ya rungumi kare, fuskarsa da wuyansa daidai bakin dabbar, kuma shi ne mai tsoron faɗa wa uwarsa.

Akwai kuskure biyu da nake yawan ji a zango. Na farko, wai kwikwiyo ƙarami ba ya ɗauke da haukan kare. Yana ɗauka, in dai wani kare mai cutar ya taɓa cizonsa. Na biyu, wai mahaukacin kare sai wanda ke bin mutane da gudu yana kumfar baki. Akwai wanda cutar ke kwantar da shi shiru, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, ya kasa haɗiya. Mai gida sai ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu cikin bakinsa zai ciro. A kwanakin sallah, da kowa ke zaton ƙashi, wannan kuskuren ya fi sauƙin aukuwa. Kada wani ya sa hannu a bakin kare mai dalalar yawu, ko da kuwa na gida ne.

Idan an samu cizo ko yakushi, ko ya lashi wani buɗaɗɗen ciwo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, a duba agogo, sannan a tafi asibiti a ranar a faɗa musu karen titi ne. Ba a ɗaure wurin da ganye ko toka. Cutar takan yi wata biyu zuwa uku a jiki kafin ta nuna kanta, wani lokaci mako ɗaya kacal, wani lokaci har shekara, saboda haka warkewar ciwon a fata ba hujja ba ce. Kwikwiyon kuwa kada a kashe shi, kada a kore shi. A killace shi kwana 10 ana lura da shi. Idan ya kai kwana goman lafiya lau, yana ci yana wasa, to bai kasance yana yaɗa cutar a ranar cizon ba. Amma allurar yaron ba ta jiran kwana goman nan, asibiti ne za su ce a ci gaba ko a tsaya.

Idan babu cizo, alhamdu lillahi, sai a shiga aikin mako biyun farko. A ware masa lungu guda mai inuwa, da kwali ko tsohon buhu a ƙasa, nesa da kyanwa da wurin wasan ƙananan yara. A kai shi wurin likitan dabbobi, ofishin gwamnati da ke Amakom ko asibitin makarantar likitocin dabbobi ta jami'ar KNUST, ko wani mai zaman kansa da ke kusa da ku. Daga haƙoransa za a gane watanninsa. Za a ba shi maganin tsutsar ciki, domin kusan duk kwikwiyon titi na da ita, kuma ƙwanta na shiga cikin yaron da ya taɓa ƙasa ya kai hannu baki. Sai rigakafin cutar nan ta fabo, mai sa amai da zawon jini mai wari, wadda ke gama kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Ana fara ta daga mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai kamar mako 16. Ta haukan kare ana yin ta a wata 3, kuma mu a nan muna sabunta ta kowace shekara. Kyanwarki ma tana bukatarta. Mutane na mantawa da kyanwa, alhali ita ce ke kwana a kan gadon yara.

Ƙazuwar tana warkewa cikin 'yan makonni da allura ko ƙwaya. Abin da nake roƙonki shi ne kada wani maƙwabci ya kawo miki baƙin man mota ya ce a shafe shi da shi. An taɓa kawo mini wani ɗan kwikwiyo daga wajen Suwame an yi masa wannan wankan, fatar ta ƙone, ya lashe man ya shiga cikinsa, muka yi kwana uku muna ƙarin ruwa bai tashi ba. Mai shi kuwa ƙaunarsa yake yi, shi ya sa ya shafa. Irin ƙazuwar nan takan sa wa mai ɗaukar kare ƙaiƙayi a hannu da ciki, don haka yaron ya daina rungumarsa tukuna, ya kuma riƙa wanke hannu da sabulu. Abinci kaɗan-kaɗan, sau huɗu a yini: shinkafa mai laushi da dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, ko dafaffen ƙwai. Cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar cika kwano lokaci guda, madarar gwangwani kuma zawo take sa shi. Maganin kaska da ƙuma na kare, musamman mai sinadarin famitirin, kada ya taɓa kyanwa. Yana sa ta karkarwa da farfaɗiya har ta mutu.

Daren nokawut

Yanzu ga abin da ya faru bara. Kunnen mutum yana tsayawa a wajen sauti mai kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, na kare yana kai wa 45,000 ko fiye, kuma yana jin abin da ke nesa wanda mu ba mu ji. Sai dai ƙarfin ƙarar ba shi kaɗai ke firgita shi ba. Tsawa tana zuwa da hadari da iska, kare ya ga alama ya nemi maɓoya. Nokawut ba ya sallama: ta gabas, ta yamma, ta bayan katanga, ga walƙiya ga warin albarushi. Karen da ke ɗaure a fili ba shi da inda zai shige, sai ya yi ta fizga har igiya ta tsinke ko ta shaƙe shi. In ya tsinke kuma gudu yake yi ba ji ba gani, ya tsallaka titi, ya wuce unguwar da ya san warinta. Daga nan ko mota, ko masu satar karnuka, waɗanda kasuwarsu ke buɗewa a wannan lokacin.

Tun 1999 doka ta hana mallaka da harba irin waɗannan abubuwan fashewa a Ghana, kuma duk Disamba 'yan sanda na tunatarwa. Ni da ke mun san abin da kunnenmu ke ji daga tsakiyar wata har bayan sabuwar shekara, ga lasifikan majami'u a daren 31. Saboda haka shiri za a yi kamar dokar ba ta nan.

Shirin yana farawa kwanaki kafin daren. A zaɓi ɗaki ko sito mai ƙofa, wanda iska ke shiga, a sa masa kwali babba a kwance da tsumma a ciki, a riƙa ba shi abinci a can tun yanzu har ya ɗauki wurin a matsayin nasa. Wanda aka jefa cikin baƙon ɗaki ran da ake harbi, tsoro biyu aka haɗa masa. A ranar, a ciyar da shi kafin magariba, a fita da shi ya yi bayan gida, a shigar da shi, a ajiye ruwa, a rufe taga, a kunna rediyo daidai misali don ta rage kaifin ƙarar waje. In ya shige cikin kwali a bar shi. In ya yi fitsari don tsoro kada a doke shi. In yaron ya zauna kusa da ƙofar yana yi masa magana a hankali, hakan na taimakawa.

Naki kwikwiyo ne, kuma wannan dama ce. Abin da kare ya gamu da shi a watanni uku zuwa huɗu na farkon rayuwarsa yakan zauna masa har girma. In daren farko ya zo masa da firgici, mai yiwuwa ki samu kare mai tsoron ƙara har tsufansa. Ki sa yaron ya nemo sautin nokawut a waya, ya kunna can ƙasa-ƙasa lokacin da kwikwiyon ke cin abinci, kullum a ɗan ƙara kaɗan. In ya bar kwanon ya ja da baya, an yi sauri, a rage. Aiki ne da ya dace da ɗan shekara goma sha ɗaya, zai kuma nuna miki ko da gaske yake son riƙon.

Kada a ba shi maganin barci na mutane. Ko a cikin namu na dabbobi akwai wanda jiki kawai yake kashewa, tsoron na nan daram, dabba na ji amma ta kasa motsi. Idan kare na da tsoro mai tsanani, likita ne zai auna nauyinsa ya zaɓi abin da ya dace, a kuma gwada kafin daren.

Sai ƙofar gida. A lissafina na shekarun da na yi ina wannan aiki, ƙofar da baƙo ya bari a buɗe ta ɓatar da dabbobi fiye da nokawut. Ranar sallah yara na shiga suna fita yawon barka da sallah, ana kai abinci maƙwabta, a titi ga dawakai ga 'yan babur suna wasa. A sa masa abin wuya da lambar wayarki a rubuce, a ɗauke shi hoto. Kyanwa a kulle ta a ɗaki tun da rana, domin in ta firgita takan shige cikin injin mota. Mai mota ya bubbuga murfin kafin ya tayar. Washegari da safe a share tsakar gida da ƙofar gida, kwikwiyo na tauna ragowar nokawut. In kuma Allah ya ƙaddara ya ɓace, a nema da asuba lokacin da gari ya yi shiru, a leƙa ƙarƙashin kwalbati da kangon gini, a nuna hoton ga masu koko da masu shayi da 'yan pragya, wato masu babur mai ƙafa uku, su ne idon unguwa.

Kwanon saura

A nan zan daɗe, domin yawancin dabbobin da ake kawo mini bayan biki, hannun masu ƙaunarsu ne ya ba su abin da ya kwantar da su. An ci an ƙoshi, sai a tattara saura a zuba wa kare, wai shi ma ya yi sallah.

Dafaffen ƙashi, musamman na kaza da na haƙarƙarin rago, yana tsagewa ya yi tsini. Ya kan maƙale a maƙogwaro, ko ya huda hanji, ko ya taru ya toshe bayan gida. Tsinken cicinga, wato tsire, ya fi shi sharri, domin kare na haɗiye shi da naman da ke jiki. Haka ledar da aka ƙunso nama a ciki. Kitse da man suya kuwa, in kare bai saba ba ya sha da yawa, akwai wata gaɓa kusa da tumbinsa mai taimakon narkar da abinci da ke kumbura. Sai amai ba tsayawa, ya ƙi abinci, ya duƙar da gaba ya ɗaga baya saboda ciwon ciki.

Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa. Kyanwa ta fi rauni: kamar giram 5 na albasa a kan kowane kilo na nauyinta ya isa ya yi ɓarna, wato ɗan yanki kaɗan ga kyanwa mai kilo uku. Ki tuna abin da ke cikin shito, wato soyayyen yajin nan, da miyar jalof. Matsalar ita ce ba a gani a ranar. Sai bayan kwana biyu zuwa biyar dabba ta yi laushi, dasashinta ya yi fari, fitsari ya yi ja kamar shayi, lokacin kowa ya manta da abin da aka zuba mata.

Cakulan da ke yawo a gidaje lokacin Buronya yana da sinadarin da jikin kare ke jinkirin fitarwa, yana sa bugun zuciya da karkarwa. Baƙin ya fi haɗari. Goronmu ma yana da irin wannan sinadarin tare da kafin mai yawa. Babban kare ba kasafai yake kula goro ba saboda ɗaci, amma kwikwiyo komai taunawa yake, kuma a gidan biki goro a faranti yake a ƙasa. Inabi da busasshensa da ake sa wa a kek na iya kashe ƙodar kare. Cingam marar sukari mai sinadarin zailitol na faɗar da sukarin jininsa cikin ɗan lokaci.

Na babbar sallah shi ne wanda na fi so mutanenmu su ji. In an feɗe rago aka ga hanta ko huhu da wasu ƙulli masu ruwa a ciki, mahauci yakan yanke wurin ya jefa wa kare. Waɗannan ƙullin 'ya'yan wata tsutsa ce. A cikin hanjin kare take girma, shi ba ta dame shi sosai ba, amma ƙwanta na fita a kashinsa, ya manne a gashinsa da ƙasar tsakar gida. In ya shiga cikin mutum sai ya yi irin wannan ƙullin a hantarsa ko huhunsa, ya yi shekaru yana girma shiru, wani sai an yi masa tiyata. Duk kayan cikin da ba ku yarda ku ci ba, a binne shi da zurfi ko a ƙone. Wanda za a ba kare a dafa shi sosai, ba gishiri ba yaji, a ba shi kaɗan. In ana son ya yi sallah, tsokar nama dafaffiya a kan abincinsa na kullum ta wadatar.

Sharar gida kafin biki ma na zuwa da nata: ana zuba maganin ɓera a lunguna. Mafi yawansa jini yake hana daskarewa, kuma sai bayan kwana uku zuwa biyar alamun ke fitowa. Yana da makari, bitamin K1, in an zo da wuri. Saboda haka in kin ga dabba ta ci, kada ki jira ta nuna alama, ki ɗauko kwalin maganin ki taho da shi. A cikin awa biyun farko likita na iya sa ta amayar da abin. Na san al'adarmu ta ɗura manja in an ci guba. Manja ba ya kashe guba, kuma in an ɗura da ƙarfi yakan sarƙe ya shiga huhu. Ruwan gishiri ma guba ne a kan guba. Farasitamol kuwa, ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 na iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ibuprofen da diclofenac na ƙwaƙule cikin kare su taɓa ƙodarsa. Ki nemi lambar likitan da zai ɗaga waya ranar hutu tun kafin hutun, domin wurare da yawa na rufewa.

Idan gida bai karɓe shi ba

Wuraren ajiye karnukan da aka tsinta kaɗan ne a ƙasar nan, masu yin aikin kuma yawanci 'yan sa-kai ne da ke ciyarwa daga aljihunsu, kuma a cike suke. Don haka kada ki sa rai za a zo a ɗauke miki shi gobe. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ku riƙe shi na wata ɗaya ko biyu, ya warke, gashi ya fito, a yi masa allura, sannan a nema masa gida. Kwikwiyo mai ƙazuwa ba mai so. Mai sheƙi da katin rigakafi a hannu, masu gareji da masu gona da masu sabon gini a bayan gari nemansa suke. Likitan da ya duba shi ma yakan san mai nema. A tambayi mai karɓa inda zai kwana da wanda zai ciyar da shi, a kuma je a gani. Mayar da shi bola ko bakin kasuwa, a wannan shekarun nasa, daidai yake da kashe shi.

Ga mai son taimaka wa karnukan titi gaba ɗaya, kuɗin da ya fi amfani shi ne na allura da na hana haihuwa. Karya na ɗaukar ciki kamar kwana 63, tana iya haihuwa sau biyu a shekara, kowane karo 'ya'ya da yawa, kuma daga nan irin na kwatar nan ke fitowa. Fiɗiye namiji da cire wa mace mahaifa aiki ne na yini guda. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, haukan kare na daina yawo a wurin, abin da kisan karnuka da guba bai taɓa yi ba, domin wasu ne ke shigowa su cike gurbin. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da cutar a duniya, kuma a wajen lokacin ma'aikatan dabbobi kan fito yin allura a unguwanni. Matasan layinku na iya haɗa 'yan sidi su kai karnukan da ke kwana a layin. Ko kwanon ruwa a bakin katanga a wannan hunturu wani abu ne.

Na san a gida za a tayar da maganar addini, wataƙila ma an riga an tayar. Hukunci na malamai ne, ki tambayi naku. Abin da kowa ya ji a makarantar allo dai shi ne an gafarta wa wanda ya shayar da kare mai ƙishirwa, an kuma azabtar da matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha, kuma an yi rangwame ga karen gadi da na kiwo da na farauta. Ta fuskar aikina, kare mai ɗakinsa a tsakar gida, da kwanonsa daban, nesa da wurin salla da madafa, ya fi lafiya gare shi da ku.

Ban ga kwikwiyon nan da idona ba, duk abin da na faɗa a kan bayaninki na gina shi. In ya fara amai, ko zawo da jini, ko ya ƙi abinci yini guda, ko halinsa ya sauya farat ɗaya, kada a jira ranar da aka shirya. A saka shi a kwali, babba ya ɗauka ba yaron ba, a kawo shi a ranar.